Teburin Ɗebi-Da-Kanka Da Kunyar Bahaushe A Liyafar Nassarawa

Duk wanda ya saba amsa gayyata a unguwar Nassarawa ta birnin Kano ya lura da cewa hanyar ciyar da baƙi ta sake. A da, in an taru wajen ɗaurin aure ko suna ko walimar saukar karatu, zama ake yi a kan tabarma ko darduma, yara su yi ta safa da marwa da kwanuka da langaye, a ajiye wa kowane gungu nasa, mutum huɗu ko biyar su sa hannu a kwano guda. Yanzu kuwa, a yawancin manyan liyafofin wannan unguwa, dogon tebur ake kafawa a gefen fili, a jera abinci iri-iri a kansa, a ce wa baƙo ya tashi ya ɗauki faranti ya zuba abin da ransa yake so. 'Yan boko suna kiran wannan tsari bufe, kalmar Faransanci ce wadda asalinta take nufin kabad ɗin da ake jera kwanuka da abinci a kansa a gefen ɗaki. Mu a nan za mu kira shi ɗebi-da-kanka, don sunan ya faɗi abin da ake yi.

Tsarin yana da amfaninsa. Yana rage yawan masu hidima, yana kuma bai wa mai ciwon suga da mai hawan jini damar kauce wa abin da likita ya hana su ba tare da sun yi wa kowa bayani ba. Amma an ƙago shi ne a ƙasashen da baƙo ba ya jin nauyin tashi ya zuba wa kansa abinci a gaban jama'a. Mutanen Suwidin, alal misali, sun daɗe da irin nasu teburin, kuma su ne suka ƙara fito da shi idon duniya a bikin baje kolin birnin New York na 1939. Bahaushe kuwa an rene shi ne a kan cewa abinci shi yake zuwa wajen baƙo. Saboda haka wanda ya kwaso tsarin ɗungurungum daga littafin Turawa ya dasa a Kano, yana iya kashe dukiya mai yawa, a watse, manyan baƙinsa su koma gida da yunwa, shi kuwa bai sani ba.

Ba abin mamaki ba ne da wannan al'ada ta fi kama ƙasa a Nassarawa. Tun da Turawa suka ci Kano a 1903 suka zauna a wajen ganuwa ta gabas, wannan yanki ya zama mazaunin hukuma. A nan ne Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909, gidansa kuma yana nan har yau ana zuwa kallo. A nan Gidan Gwamnati yake, inda bisa al'ada Sarki yake kai ziyara ranar Hawan Nassarawa. Gidajen da aka gina wa ma'aikatan Turawa ba irin na cikin birni ba ne masu zaure da soro da tsakar gida. Gida ne ɗan madaidaici a tsakiyar makeken fili, da itatuwa kewaye, da ɗakunan kuku da boyi a baya. Bayan samun mulkin kai a 1960, musamman bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 Audu Bako ya zama gwamnanta, sai manyan ma'aikatanmu da attajirai suka gaji gidajen, suka kuma gaji filin da ake shan iska a cikinsa da yamma. Wanda yake da irin wannan fili ba ya bukatar tare titi in zai yi biki. Ko da yake an yayyanka da yawa daga cikin filayen an yi benaye da otal-otal da ɗakunan taro, al'adar liyafar fili ta riga ta zauna.

To, abu na farko da mai shirya liyafa zai zauna ya yi tunani a kansa shi ne su wane ne ba za su tashi ba. Hakimi ba zai bi layi da faranti a hannu ba. Limamin da ya ɗaura auren ba zai bi ba. Surukin mai gida ba zai tsaya yana zaɓen tsoka a gaban surukinsa ba, ko da kuwa bai karya kumallo ba. Haka dattijuwar da ta zo daga Gwarzo ko Ɗambatta don bikin jikarta, in ba a kai mata ba, sai ta ce ta ƙoshi, ta yi ta murmushi har a tashi. Wannan ba girman kai ba ne, kunya ce da kara, kuma babu wani kyakkyawan tebur da zai kawar da su. Abin da ya kamata shi ne a ware wa irin waɗannan mutane wurin zamansu, a ɗauko abincinsu daga tukunya ɗaya da na kowa, a kai musu a kuloli ko a manyan tire, a sa wani ɗan gida mai hankali ya tsaya a kansu. A kuma fara kai nasu kafin a buɗe teburin jama'a, domin matasa da yawa ba za su miƙe ba muddin suna ganin gaban manya wayam.

Akwai kuma matsakaitan baƙi, su ne mafi yawa, waɗanda za su tashi amma ba wanda yake so a ce shi ya fara. Sau da yawa akan sanar da cewa abinci ya sauka, a yi minti goma ana kallon-kallo, daga nan wani ya yi ta maza ya miƙe, sai kowa ya taso a lokaci guda. Maganin wannan shi ne ɗan gida ya bi rumfa-rumfa yana cewa, "Alhaji, bismilla, ku ne a gaba," ya raka su har bakin tebur. In an ɗaga rumfa ɗaya bayan ɗaya, ba a jin kunyar farawa, ba a kuma yin turereniya.

Sai lissafin baƙi, wanda a Kano ba a taɓa yin sa da yawan katin da aka raba. Kati ɗaya yakan zo da mutum uku: mai katin, da abokinsa, da direba. A ɓangaren mata kuwa yakan zo da ƙanwa da 'yar riƙo da goyo. Ba a korar wanda ya zo biki, kuma bai kamata a fara ba. Saboda haka a duba dangin gidan da irin jama'ar mai gida, a yi ƙari a kan adadin katin, ƙarin kuma ya fi yawa a abinci mai auki kamar shinkafa da tuwo. In an yi wa kowane baƙo lissafin giram 100 na ɗanyar shinkafa, buhu mai kilo 50 zai ciyar da mutum 500, in kuwa akwai tuwo da waina a gefe zai wuce haka. Nama shi ne inda ake jin kunya. Shi yake fara ƙarewa, shi kuma baƙo yake tunawa. A ƙirga shi da yanka, a san yanka nawa ne rabon kowa, kada a ce ai an yanka sa, zai isa.

Lissafi na biyu, wanda ba kasafai ake yin sa ba, shi ne na lokaci. A ɗauka baƙi 300 ne, layi ɗaya ne, kuma kowane daƙiƙa 20 mutum ɗaya yake barin tebur da farantinsa. Kafin na ƙarshe ya samu, an yi minti 100, watau fiye da awa ɗaya da rabi. Na farko ya ci ya wanke hannu ya tafi, na ƙarshe yana tsaye a rana. In aka janye teburin daga jikin bango aka bar hanya ta kowane gefe, aka sa ludayi biyu a kowane kwano, lokacin ya ragu da rabi. In aka kafa tebur biyu irin wannan, ya koma minti 25. Mu kuwa al'adarmu ta riga ta sauƙaƙa mana wannan, tun da a yawancin gidaje maza da mata ba sa cakuɗuwa wajen cin abinci. Abin lura kawai shi ne teburin mata kada ya zama na sauran abin da maza suka bari. Su ne suka fi yawa a biki, su ne suka fi sanin abin da aka dafa da kyau, su ne kuma za su ba da labari gobe.

Yadda ake jera kwanukan ma yana da ka'ida. Faranti ne a farkon tebur. Cokula da tsumman goge hannu a ƙarshe, don kada mutum ya riƙe su yana fama da ludayi. Masu wannan sana'a sun daɗe da gane cewa mai yunwa yana cika farantinsa da abin da ya fara tararwa, saboda haka shinkafa dafa-duka da soyayyiya da dambu da taliya su ne a gaba, miya tana bin abin da ake cin ta da shi, ganye da salak a tsakiya, nama da kaji da kifi a ƙarshe. A wajen naman a tsayar da mai zubawa. Wasu suna ganin wannan rowa ce, alhali kuwa adalci ne ga na bayan layi, kuma taimako ne ga mai kunya, wanda in an bar shi da kansa zai ɗauki ƙashi guda ya wuce. Mai zubawan ya zama mai sakin fuska, wanda ya iya cewa, "Ranka ya daɗe, a ƙara?" ba mai kallon farantin mutane yana tsuke baki ba. Abin sha kuwa, zoɓo da kunun aya da lamurje da ruwa, a ba shi teburinsa dabam can nesa, domin mai neman ruwa kawai kada ya tsaya a layin shinkafa. A ajiye butoci da sabulu da bahon tarar ruwa kusa da wurin zama, tun da har gobe akwai wanda tuwo ba ya yi masa daɗi da cokali.

Abincinmu na gargajiya shi ya fi ba da wahala a irin wannan tebur, shi ya sa wasu masu dafa abincin biki suke gudunsa su tsaya a kan shinkafa kala uku. Wannan kuwa hasara ce. Baƙon da ya zo daga Legas ko Abuja ya ci shinkafa a can, abin da yake marmari a Kano shi ne waina da miyar taushe, da sinasir, da funkaso, da alkubus, da dashishi, da gurasa. Sai dai kowannensu yana da halinsa. Tuwo in ya sha iska yakan yi ɓawo, saboda haka a mulmula shi ƙanana, a naɗe, a bar shi a kula, a riƙa fitowa da shi kaɗan-kaɗan. Funkaso in ya huce ya zama danko. Waina ba ta da daɗi sai daga tanda, don haka abin da ya fi shi ne a zaunar da mai waina da tandarta a bayan teburin, can inda hayaƙi ba zai dami jama'a ba, tana suya ana ɗauka. Haka mai tsire da mai balangu, a ba su kusurwarsu da tukubarsu. Ƙamshin kaɗai ya isa ado, kuma layi yakan rabu da kansa, wasu su nufi wuta, wasu su nufi tebur. Miyar kuka da ta kuɓewa suna da yauƙi, suna ɓata mayafin tebur da hannun riga, su ma a sa mai zubawa, a ba su ƙananan kwanuka nasu.

Yanzu sai babbar magana, wadda ta fi ado da tsari muhimmanci, watau lafiyar masu ci. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin ka'idoji biyar na tsabtar abinci da ta fitar a 2001, ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi. Mai zafi a riƙe shi sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5. Hukumomin abinci na Amurka sun rage wa'adin zuwa awa 1 in zafin gari ya wuce digiri 32. A Kano kuwa, a watan Afrilu, zafi yakan kai digiri 40 da rana. Ke nan shinkafar da aka sauke da hantsi, aka jera ta da azahar, aka jira babban baƙo har bayan la'asar, ta daɗe da fita daga ka'ida. Shinkafa tana da wata irin ƙwayar cuta da tafasa ba ta kashe ƙwanta, in abincin ya huce sai ta farfaɗo ta yaɗu ta zuba dafi, dafin kuma ɗumame ba ya karya shi. Abincin ba ya wari, ba ya sake kama, amma cikin 'yan sa'o'i sai amai. Salak mai haɗin ƙwai da mai, da kunun aya, da fura da nono, su ma ba sa jure zafi, wurinsu cikin ƙanƙara ne har lokacin sha.

Waɗannan kwanukan ƙarfe masu murfi da ake zuba ruwan zafi a ƙasansu a kunna 'yar wuta, aikinsu riƙe zafi ne kurum. Ba sa ɗumama abin da ya riga ya huce. A zuba musu abinci yana tururi, a zuba daidai wanda za a cinye cikin ɗan lokaci, sauran ya zauna a kan wuta a madafa. In kwano ya kusa ƙarewa a ɗauke shi a kawo sabo, kada a juye sabon abinci a kan tsoho, domin na ƙasan zai yi ta zama har a tashi. Wutar kuma a kula da ita, iska tana kashe ta ba a sani ba, mayafin tebur da gyalen mata da hannun babbar riga kuwa ba sa wasa da ita.

Wannan ya kawo mu ga sa'ar buɗe tebur. A garin nan salla ce take yanka lokacin taro. In aka buɗe abinci saura kwata a kira magariba, jama'a za su watse su bar shi a buɗe, su dawo su tarar ya huce. A buɗe shi da zarar an idar da salla, a gaya wa masu girki wannan lokaci tun jiya, a kuma yi niyyar ba za a riƙe abincin mutum 300 saboda mutum ɗaya da bai iso ba, kome girmansa. Nasa a ajiye masa a kan wuta. Masu jawabi su ma a roƙe su su taƙaita, ko da yake mun san wannan roƙo ba kullum yake karɓuwa ba. Yanayin shekara ma a duba shi: da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, kome sai da murfi, da damina kuwa iskar da take gabatar hadari takan ɗaga rumfa da abin da yake ƙarƙashinta, sai a kafa teburin a baranda ko kusa da inda za a iya janye shi. Inuwar darbejiya tana da daɗi, amma ganye da tsuntsaye suna sama. In liyafar dare ce, a gwada janareto da fitilun kan tebur tun da rana.

Ado shi ne na ƙarshe, ko da yake shi aka fi kashe wa kuɗi. Abin da yake sa tebur ya yi kyau shi ne bambancin tsayi da na launi. A kifa ƙananan akwatuna a ƙarƙashin mayafi, wasu kwanuka su ɗaga, wasu su sauka, jan dafa-duka ya zauna kusa da koren zogale, farar waina kusa da miyar taushe. Mayafin ya sauka har ƙasa ta gaba don ya ɓoye kuloli da bokitai. Ba dole ne a sayo furen roba daga waje ba. Kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, cike take da faifai masu launi da ƙore da akusa da ludayin duma. Faifai ya rufe gurasa, ƙwarya ta ɗauki fura, akushi ya ɗauki dambun nama, alkaki da nakiya da dubulan su hau tire a teburin kayan zaƙi. Saƙi ko rinin Ƙofar Mata yana kyau in an ratsa shi a tsakiyar farin mayafi, sai dai a tuna shuni yana zuba, kada a ɗora abinci a kansa kai tsaye. A rubuta sunan kowane abinci a ɗan kati, a nuna mai yaji da wanda aka sa wa gyaɗa, saboda akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar ta. Turaren wuta kuwa a bar shi a wurin zama, in ya matso kusa da abinci sai su ɓata juna.

Cefane ba ya wahala ga mazaunin Nassarawa. Kasuwar 'Yankaba tana nan a hanyar Haɗeja don tumatir da attaruhu da albasa da ganye, 'Yan Lemo a Na'ibawa don kankana da abarba da lemo, Dawanau don hatsi, Singa don mai da suga da fulawa. Busassun kaya a saye su da mako guda, ɗanyu kuwa ana gobe biki. 'Ya'yan itace kada a yanka su sai an kusa ci.

Akwai jama'ar da teburin ba ya gani, su ne na bakin ƙofa: direbobi, da masu gadi, da 'yan sandan da suka raka manya, da masu kafa rumfa, da almajirai da maƙwabtan da suka jiyo ƙamshi. A tsohon tsari kwano yakan kai gare su ba tare da an yi shawara ba, domin abinci yawo yake yi. A sabon tsari abinci yana tsaye wuri ɗaya a bayan katanga, wanda ba shi da kati ba ya isa gare shi. Malamai kuwa sun sha jan kunne game da walimar da ake kiran mawadata a manta da matalauta. Saboda haka a sa rabonsu cikin lissafi tun farko, a zuba shi a ƙananan robobi masu murfi, a ba wani amintacce ya raba a daidai lokacin da aka buɗe tebur, ba bayan an kwashe kwanuka ba.

Irin waɗannan robobi a tanadi wasu a ɓangaren mata. Uwar da ta ƙulle 'yar waina da nama za ta kai wa yara ko tsohuwar da ba ta iya fitowa ba, ba kwaɗayi ta yi ba, haka aka saba, kuma gara a miƙa mata ƙunshinta a bakin ƙofa da a bar ta tana ɓoye leda a jaka. Abin da ya rage a tukwanen madafa, wanda bai sauka daga wuta ba, a raba shi a daren nan ga maƙwabta da makarantun allo na kusa tun yana da zafi. Wanda ya yi sa'o'i a kan tebur a buɗe, musamman shinkafa da salak da kunun aya, ba abin sadaka ba ne, cikin almajiri ma ciki ne. Wannan a zubar da shi, a wanke kwanukan haya a ƙirga su kafin masu su zo da safe.